Hutun ƙarshen shekara: Abin da ma'aikacin Abuja ke bari a kan firji idan zai tafi gida

Daga tsakiyar watan Disamba, Sakatariyar Tarayya takan soma yin tsit. Filin ajiye motoci da ake rububinsa tun ƙarfe takwas na safe sai a tarar da rabinsa wayam, masu tuwo da shinkafa na bayan gini su rage tukwanen da suke ɗorawa, fayil ɗin da bai samu sa hannu ba kuwa ya haƙura sai Janairu. Hayaniyar takan koma tashoshin mota na Jabi da Utako da Zuba da Mararaba, da tashar jirgin ƙasa ta Idu. Tun kafin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta fitar da sanarwar hutun 25 da 26 ga Disamba da na 1 ga Janairu, ma'aikata da yawa sun riga sun lissafa yadda za su haɗa waɗannan ranaku da ragowar hutunsu na shekara, su samu kwana goma ko mako biyu a gida. Kirista na ɗokin yin Kirsimeti a Kafanchan ko Langtang ko Biu. Musulmi na da ɗaurin aure uku ko huɗu da dangi suka tara a wannan wata saboda yara na hutun makaranta.

Kowa ya san abin da ake cusawa a bayan mota: buhun shinkafa, jarkar man gyaɗa, katan ɗin taliya, turamen atamfa, takalman yara. Ba a manta ko ɗaya, domin kowanne akwai mai jiransa.

Shekara uku ke nan da kawuna, wanda ya shafe sama da shekara ashirin yana tuƙi a wata ma'aikatar tarayya, ya bar kwalin maganin hawan jininsa a kan firji a gidansa na Mararaba. Sai da suka wuce Akwanga ya tuna. Ya ga komawa ɓata lokaci ne, kwana goma kacal zai yi, kuma garau yake jin jikinsa. A rana ta huɗu, ranar ɗaurin auren 'yar ƙaninsa, ya kwana da ciwon kai a ƙeya. Ya aiki yaro kemis ya sayo masa maganin ciwon jiki, ya ɗora alhakin abin a kan gajiya da hazo. A safiyar rana ta shida, kwanon kokon da yake riƙe da shi da hannun hagu ya suɓuce, bakinsa ya karkace, maganarsa ta koma kamar ta mai magagin barci. Aka shimfiɗa masa tabarma a rana, wai sanyi ne ya kama shi. Aka shafa masa man zafi, aka yi masa tofi, aka zauna jiran a ga abin da hali zai yi, don ranar ce za a kai amarya, kuma ba mai son tayar da hankalin gida. Sai bayan la'asar aka nemi mota. Asibitin da ke da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa kuwa tafiyar awa uku ce daga garinmu.

Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba. Amma hannun bai sake riƙe sitiyari ba, kuma mutumin da ya kai daraktoci kusan kowace jiha ta ƙasar nan yanzu ɗansa ne ke kai shi ganin likita.

Ba mu kaɗai ke yin irin wannan jinkiri ba. A shekarar 2004, mujallar likitocin zuciya ta Amurka mai suna Circulation ta wallafa wani bincike da ya bi diddigin takardun shaidar mutuwa na shekaru da dama, ya gano cewa mace-macen ciwon zuciya a can sun fi yawa a ranakun 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu. Ana iya cewa sanyi ne. To amma a 2016 wasu masana suka duba alƙaluman New Zealand, inda Kirsimeti ke zuwa a tsakiyar lokacin zafi, suka tarar da ƙarin kusan kashi 4 cikin ɗari na masu mutuwa da ciwon zuciya a wajen asibiti a makonnin bikin. Daga cikin dalilan da masu binciken suka kawo akwai canjin cima, da damuwa, da tafiya nesa da asibitin da aka saba, da kuma jinkirta neman magani don kada a ɓata biki. Wannan fa a ƙasashen da motar asibiti ke zuwa ƙofar gida ke nan.

Maganin da ake sha kullum

Hawan jini ba ya sallama. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin manya uku a duniya na ɗauke da shi, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba. Wanda awonsa ke kaiwa 140 bisa 90 ko sama da haka a ranaku daban-daban ya shiga sahu, ko da ba ya jin komai. Jin garau ɗin shi ne tarkon, domin maganin ne ya kawo shi. Yawancin ƙwayoyin hawan jini aikin yini guda aka tsara su yi, shi ya sa ake shan su kullum. Idan aka daina, cikin 'yan kwanaki jini zai koma inda yake tun farko. Akwai ma irin su atenolol waɗanda yanke su farat ɗaya kan sa zuciya ta riƙa bugu da sauri, jini ya yi tsalle ya wuce yadda yake a da.

Saboda haka shirin tafiya na mai hawan jini ko ciwon suga ko asma a asibiti ya kamata ya soma, mako guda kafin ranar tashi, tun likitoci da masu ba da magani ba su soma raba hutu a tsakaninsu ba. A karɓi maganin da zai wuce kwanakin tafiyar da aƙalla mako ɗaya, don wanda ya ce kwana goma zai yi sau da yawa rasuwa ko lalacewar mota kan mayar da su goma sha biyar. A sa shi a jakar hannu, ba cikin akwatin da za a danne da buhu ba. A ɗauki hoton kwalin a waya, yadda idan ya ɓace za a nuna wa mai kantin magani ainihin sunansa da ƙarfinsa, maimakon a riƙa kwatanta masa "ƙaramar farar ƙwayar nan". Mai amfani da allurar insulin kada ya bar ta cikin mota a rana, zafi na kashe ƙarfinta. Inda ba firji, a sa ta cikin leda a ɗaure, a ajiye a inuwa kusa da randa. Wanda ke shan maganin suga irin su Daonil kuma ya sani cewa idan ya sha shi da asuba ya kama hanya ba tare da karin kumallo ba, sugansa na iya faɗuwa yana tsakiyar tuƙi: gumi, rawar hannu, jiri, daga nan sai ɗimuwa. Dabino uku ko alewa a aljihu na iya ceton rai a irin wannan hali.

Akwai kuma katin inshora. Ma'aikacin tarayya da matarsa ko mijinta da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 suna ƙarƙashin tsarin da Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ke kula da shi, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin tsohuwar NHIS. Da yawa sun ɗauka katin ba ya aiki sai a asibitin da suka zaɓa a Abuja, don haka sukan bar shi a durowar ofis. Alhali ƙa'idar tsarin ta ba da damar a duba mutum a duk asibitin da hukumar ta tantance idan larurar gaggawa ta same shi a wajen garin da yake aiki. Kafin a tashi, yana da kyau a adana lambar kamfanin da ke kula da inshorar mutum, a tambaye su asibitin da ke cikin tsarin mafi kusa da garin da za a je.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin kawu shi ne awanni bakwai ɗin da aka yi ana jira. Alamomin shanyewar ɓarin jiki ba su da wuyar ganewa: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta ɓangare ɗaya ta saki, magana ta harɗe. Idan toshewar jijiya ce ta jawo shi, allurar da ke narkar da gudan jinin tana da amfani ne cikin awa huɗu da rabi na farko, kuma ba a yin ta sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar ba fashewar jijiya ba ce. Don haka a duba agogo a riƙe lokacin da abin ya soma, kada a ɗura wa mutum ruwa ko magani domin haɗiya na iya gagararsa ya shaƙe, a nemi mota nan take. Addu'a ana yin ta a cikin mota.

Mura, kemis da sitiyari

Hutun ya faɗo ne a tsakiyar hunturu. Ƙurar da ke rufe sararin Kano da Maiduguri, har ta kai ga soke tashin jirage, kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na arewacin Chadi iska ke kwaso ta. Tana busar da hanci da maƙogwaro, ta tayar da asma, ta bar mutum da mura da tari. Takunkumin fuskar da aka jefar bayan korona yana da amfani a nan, musamman ga mai asma da mai hawa babur. Busasshiyar iskar na zuƙe ruwan jiki ba tare da mutum ya ji ƙishirwa ba, ga matafiya kuma, musamman mata, sukan ƙi shan ruwa da gangan don gudun neman wurin kama ruwa a hanya. Ga mai sikila, sanyi da ƙarancin ruwa su ne manyan abubuwan da ke tayar da ciwon.

Hatsarin da ba a cika lura da shi ba yana cikin maganin murar kansa. Magungunan mura da yawa da ake saya ba tare da takardar likita ba suna ɗauke da sinadarin buɗe hanci, wanda ke tsuke jijiyoyin jini, ya ɗaga hawan jini. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diklofenak, irin wanda aka sayo wa kawu, su ma suna ɗaga jini, suna wahalar da ƙoda, suna kuma rage ƙarfin wasu magungunan hawan jinin. Farasitamol ya fi sauƙi ga irin waɗannan mutane. Sai Piriton da danginsa, masu tsayar da atishawa su kawo barci. Mutum ya sha biyu da asuba, ya hau hanyar Kaduna.

Hanyar ma ba ta taimakawa. Aikin sake gina titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, mai tsawon kilomita 375, tun 2018 aka soma shi, kuma matafiya sun sha zaman awanni a wuraren da aka haɗe hannu biyu ya koma ɗaya. Tsoron tafiyar dare saboda matsalar tsaro ya sa kowa na son fita da asubar fari, bayan ya kai ƙarfe ɗaya na dare yana ɗaure kaya. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 ido biyu, kuzarin hankalinsa da na hannunsa kan ragu daidai da na wanda ke da giya a jini gwargwadon da a ƙasashe da dama ya isa a kama direba. Wanda bai taɓa kusantar giya ba a rayuwarsa na iya tuƙa iyalinsa cikin wannan hali. A gudun kilomita 100 cikin awa, wanda shi ne iyakar da doka ta ba ƙananan motoci a babban titi, gyangyaɗin daƙiƙa uku na nufin mota ta yi tafiyar sama da mita 80 ba mai kallon hanya. Goro da shayi mai kauri na jinkirta barci ne kawai. Idan hamma ta yawaita, ko mutum ya kasa tuna garin da ya wuce yanzu-yanzu, a tsaya a cikin gari inda akwai jama'a, a runtsa na minti ashirin. Lambar kiran gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122.

Wanda hutun maigida ne lokacin aikinsa

Duk abin da aka faɗa a sama ya shafi mai hutu ne. Hadiman ministoci da 'yan majalisa da manyan sakatarori, da direbobinsu da masu tsaron lafiyarsu, su ba su da shi. Ranar da maigida ya sauka a mazaɓarsa ranar aikinsu ke ninkuwa: layin masu neman ganawa tun bayan sallar asuba, rabon shinkafa, ɗaurin aure a ƙaramar hukuma ɗaya, ta'aziyya a wata, taron siyasa da ba ya tashi sai ƙarfe biyu. Hadimi kan wuni da lemon ƙara kuzari da goro, ya ci tsire da burodi tsakar dare, ya kwanta a kujerar mota. Ƙa'idar da masana suka yi ittifaƙi a kanta ita ce kada baligi mai lafiya ya wuce miligiram 400 na sinadarin kafeyin a yini. Gwangwani uku ko huɗu, a haɗa da kofi da goro, sun kai mutum can ko sun wuce, ga kuma sugan da ke cikinsu.

A ganina nauyin nan a wuyan iyayen gida yake. Hadimi ba zai iya buɗe baki ya ce ya gaji ba, direba kuwa ya san akwai mutum goma da ke jiran kujerarsa. Maigidan da zai zagaya ƙananan hukumomi biyar cikin kwana uku da direba ɗaya, ransa ya ɗora a kan idon mutumin da bai yi barci ba. Direba na biyu bai kai tsadar taya ɗaya ta irin motocin da suke hawa ba.

Ƙananan ma'aikata kuma nasu nauyin daban ne. A gida, duk wanda ke aiki a Abuja mai kuɗi ne, ko da albashinsa bai yi wa mafi ƙarancin naira 70,000 nisa ba. Kuɗin makaranta, gudummawar biki, rufin ɗakin da damina ta yaye, duk shi ake jira. Na san waɗanda ke rage sayen maganinsu na wata don su cike kuɗin tsaraba.

Kwanon da ba a mayarwa

Kunya ce babbar matsalar cin abinci a gida. Ba a shiga gidan gwaggo a ce an ƙoshi. A yini guda mutum zai shiga gida biyar, kowanne a dire masa kwano da kwalbar lemo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato ƙaramin cokali 12. Robar lemo ɗaya mai rabin lita ta kusan cinye wannan adadi ita kaɗai. Harajin naira 10 a kan kowace lita da Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora wa irin waɗannan lemuka bai rage su a teburin biki ba. Lemon malt da ake ba baƙo na musamman, wai yana ƙara jini, shi ma suga ne cike da shi, haka zoɓo da kunun aya na biki. Gishiri kuwa giram 5 ne ƙa'idarsa a yini, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙulen ɗanɗano kusan rabinsa gishiri ne, kuma mai girkin taro ba ta ƙirga shi. A ƙara da yaji da kilishi da dambun nama.

Ba na cikin masu cewa mutum ya je gidan biki ya zauna yana kallon waina. Wannan ba ya yiwuwa, kuma ba ladabi ba ne. Amma akwai hanyoyin da al'ada ta yarda da su. A sa albarka a kwano da loma biyu ko uku, a yaba, a tura wa yara. A karɓi lemon a ce za a tafi da shi, a nemi ruwa. Wanda ya faɗa wa uwa ko yayarsa gaskiyar cewa likita ya hana shi, ya samu mai kare shi a duk gidan, don ita ce za ta riƙa janye kwanon kafin ya yi magana. Ziyarar cikin unguwa kuma a yi ta a ƙafa.

Abincin taro na da nasa haɗarin. Shinkafar da aka sauke da hantsi, aka zuba a robobi, aka raba da la'asar, aka kai gida aka ci da dare, ta daɗe da wuce awa biyun da aka ƙayyade wa dafaffen abinci ya zauna a waje, kuma firjin da wuta ke zuwa masa awa huɗu a yini kabad ne kawai. A ɗumama shi har ya yi tururi ciki da waje, in ba haka ba a haƙura. Idan gudawa ta kama yaro, a haɗa ruwan gishiri da suga: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Da dare, da bayan dawowa

Sanyin Jos ko na Funtuwa kan sa a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe taga. Tsoron ɓarayi kan sa a jawo janareta cikin baranda ko kicin. Duka biyun na fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma a ƙasar nan an sha wayar gari a tarar da iyali guda sun mutu a ɗaki saboda ita. Tana somawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sai barci mai nauyi. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka soma ciwon kai a lokaci guda, a fita waje tukuna, a yi bincike daga baya. Janareta a waje yake kwana, nesa da taga da kimanin mita shida, kasko kuma a fitar da shi kafin a kwanta.

Cunkoson baƙi a ɗaki ɗaya, da ƙurar da ke raunana fatar cikin hanci, su ne yanayin da sanƙarau ke so. A 1996 ya kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, mafi yawansu a Arewa, kuma a 2024 ƙasar ta zama ta farko a duniya da ta soma amfani da sabuwar rigakafin da ke kare nau'i biyar na ƙwayar cutar. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya ba abin da za a kwana da shi ba ne.

Rani ne kuma lokacin zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, yanzu kuma ya fi addabar Ondo da Edo da Bauchi da Taraba. Wani nau'in ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashin da yake bari a kan hatsi da shanya da kwanukan da ba a rufe ba. Farkonsa bai da bambanci da zazzaɓin cizon sauro, kuma yana iya ɗaukar har kwana 21 kafin ya bayyana. Ma'ana, wanda ya kamu a ƙauye ranar Kirsimeti na iya soma jin jiki a mako na biyu na Janairu, yana zaune a ofishinsa a Abuja, ya wuce kemis a Wuse ya sayi maganin maleriya ya sha. Maganin da ake ba masu Lassa ya fi aiki idan an soma shi a kwanakin farko, kuma masu jinya da ma'aikatan asibiti na ɗauka daga jini da sauran ruwan jikin maras lafiya. Duk zazzaɓin da ya biyo bayan tafiya, a yi gwaji kafin a sha magani. Idan an sha na maleriya kwana biyu zuwa uku bai sauka ba, a koma asibiti, a faɗa wa likita jihar da aka je da ranar da aka dawo, ko da bai tambaya ba. Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Ƙasa na amsa kira kyauta a lamba 6232.